Kafin a Raba Faifan Kwamfuta, a Fara Fitar da Rabon Mai Ita

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, tana kunnuwa, tana buga takarda kamar kullum, amma facin tsaron da ake turo mata duk Talata ta biyu a wata ya tsaya, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma ɗin yana da iyaka. Shawarar kamfanin ita ce a koma Windows 11. To amma Windows 11 tana da sharuɗɗanta: sai na'ura mai guntun tsaron da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar Intel gare ta, sai daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Duk wanda ya san irin kwamfutocin hannu na biyu da ake saukewa a kasuwar Kilomita Biyar, waɗanda suka biyo hanyar Duwala da Garwa Bulai ko aka yo odarsu daga Dubai, ya san da yawansu ba su kai nan ba. ThinkPad T460, EliteBook 840 G3, Latitude E7470, duk zubi na shida ne. In kana son gane taka, duba lambar da ke bin i5 ko i7: in ka ga 6300U, shidan farkon nan ita ce amsarka.

Waɗannan na'urori kuwa lafiyarsu lau, kuma babu mai jefar da su don wani kamfani a Amurka ya ce sun tsufa. Shi ya sa nake jin samarinmu na Kokoro, musamman ɗalibai da masu gyara, suna ba mutane shawarar a saka Linux a gefen Windows, kwamfuta ɗaya babbar manhaja biyu. In ka kunna sai ta tambaye ka wacce za ka shiga. Ka shiga intanet da harkar kuɗi ta Linux, wadda har gobe ake turo mata faci kyauta, ka ajiye Windows don aikin da sai ita. Ina goyon bayan wannan shawara. Linux Mint 22 tana da tallafi har 2029, haka Ubuntu 24.04, kuma ba wasan yara ba ne: jandarmomin Faransa sun daɗe suna aiki da nasu samfurin na Ubuntu a dubban kwamfutocin ofisoshinsu. Fayil ɗin saka Mint bai kai giga 3 ba, mutum ɗaya ya sauke, unguwa duka ta kwafa a kile, babu wanda zai ce an yi sata.

Inda na rabu da samarin shi ne wajen rabon faifai. Faifan ajiyar kwamfuta kamar fili ne, kafin manhaja biyu su zauna a cikinsa sai an ja katanga an yanka wa kowacce ɗakinta. Duk gardamar da nake ji ba ta wuce giga nawa za a ba Windows, giga nawa za a ba Linux. Ana ta rabon ɗaki tsakanin uwargida da amarya, an manta maigida bai da inda zai ajiye akwatinsa. Ni a ganina rabon da ya kamata a fara fitarwa shi ne na takardun mai kwamfutar, a ɗaki na daban wanda ba na Windows ba kuma ba na Linux ba, sannan manhajojin su raba abin da ya saura. Kuma mai kwamfutar ne zai yanke wannan hukunci da alƙalami da takarda, tun kafin a soka kile a jikinta.

Me ya sa na matsa a kan wannan? Mai karatu ya tuna abin da ke cikin kwamfutocinmu. Mu nan mun san darajar takarda fiye da mutanen wasu garuruwa. Daga Disambar 2013 zuwa cikin 2014, lokacin da aka yi ta kwasar mutanenmu zuwa Cadi da Kamaru, iyalai nawa ne suka fita da kayan jikinsu kawai? Takardar haihuwa, takardar fili, shaidar makaranta, wasu sun ƙone, wasu sun ɓace a hanya, kuma waɗanda suka dawo sun san irin zirga-zirgar da ake yi kafin a sake samun ko da guda ɗaya. Tun daga nan da yawanmu muka koyi ɗaukar hoton kowace takarda mu adana. Haɗa da littafin bashin ɗan kasuwa da ke cikin Excel, da rasitan kaya, da kundin kammala karatu na ɗalibin Jami'ar Bangui, da hotunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Windows in ta lalace, cikin awa biyu an sake zuba wata. Linux ma haka. Hoton takardar filin mahaifinka da asalinta ya ƙone, wa zai sake zuba maka shi?

Ga kuma al'adar gyaranmu, wadda kowa ya sani. Kwamfuta ta yi nauyi, ko ta ƙi tashi, ko ƙwayar cuta ta shiga, maganin ɗaya ne: a fomate. Ba na zagin masu gyara, sau da yawa shi ne mafi sauri, kuma mai kaya yana tsaye a kansu yana cewa gobe da safe yake so. Amma yawancin kwamfutocin nan suna zuwa ne da babban ɗaki ɗaya tal, wato C, komai a cikinsa yake, manhaja da takardu a cakuɗe. In aka share C an share duka. Mai gyara mai tsoron Allah zai fara kwafe maka abin da ya gani a kan tebur da cikin Documents, amma bai san ka ɓoye wani abu a wata jaka can ciki ba, kai ma sai bayan wata biyu za ka tuna. Idan takardunka suna da ɗakinsu, kana iya cewa: malam, share C yadda kake so, kada ka taɓa D.

Bari in kawo lissafi, don magana ba lissafi ba ta cika kama hankali. Ɗauki faifan da aka rubuta wa giga 256. Da ka buɗe za ka tarar 238 ne, ba kuma cutar ka aka yi ba, masu ƙerawa suna ƙirga da dubu, Windows tana ƙirga da 1024. A cikin 238 ɗin nan akwai 'yan ƙananan ɗakuna da Windows ta riga ta yanka wa kanta, waɗanda ba su kai giga 2 ba gaba ɗaya. Ni zan ware giga 100 ga takardu tukuna. Windows ta samu 90, Linux ta samu 45. Wani zai ce 45 ta yi kaɗan. Mint da kanta giga 20 take nema a matsayin mafi ƙaranci, kuma tunda hotuna da bidiyo ba a ɗakinta za su zauna ba, 45 ta ishe ta shekaru. Windows ce mai ci, kada a matse ta ƙasa da 80, don kuwa in ta rasa wurin numfashi sai ta fara ƙin karɓar sabuntawa. Mai tsohon faifai na giga 500, wanda zai nuna 465, shi kam ya huta: Windows 120, Linux 60, sauran duka nasa. Wani ɗaki na musamman da a da ake yanka wa Linux don taimakon ƙwaƙwalwa, wanda ake kira swap, yanzu ba dole ba ne, tun 2017 Ubuntu ta mayar da shi fayil a cikin ɗakinta.

Ɗakin takardun nan a tsarin NTFS za a yi shi, wato tsarin Windows. Dalili kuwa, Linux tana karanta NTFS tana rubutu a ciki, amma Windows ba ta ganin tsarin Linux, ext4. In ka nuna mata shi ma tana iya tambayarka ko a fomate, kuma yaro na danna "Oui" shi ke nan. Wasu masu ilimin abin suna cewa a yi wa Linux ɗakin gida na daban, /home, a zuba komai a can. Ga wanda Linux kaɗai yake amfani da ita, shawara ce mai kyau. Ga mai manhaja biyu kuwa, hakan na nufin wasiƙar da ya rubuta da safe a Linux ba zai gan ta da yamma a Windows ba, sai ya koma yawo da kile tsakanin ɗakuna biyu na gida ɗaya.

Sai dai yanka ɗakin kawai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne aikin mutane da yawa yake tsayawa rabi. Windows za ta ci gaba da zuba komai a C muddin ba a nuna mata sabuwar hanya ba. Sai an bi jakunkunan Documents da Bureau da Images da Téléchargements ɗaya bayan ɗaya, a buɗe Propriétés, a shiga Emplacement, a danna Déplacer, a nuna mata D. Minti biyar ne. In ba a yi ba, bayan shekara za ka tarar D fanko, C ya cika maƙil, ranar fomate kuma asarar tana nan yadda take.

Na san abin da za a ce mini. Na farko, wai raba faifai ɓarnar wuri ne: wani ɗaki ya cika, wani yana zaune da sarari, alhali da a haɗe suke da babu matsala. Gaskiya ne, ban musa ba. A kan faifan 256 kana iya asarar amfanin giga 20 ko 30 ta wannan hanya. Ni dai na ga giga 30 ta fi arha a kan littafin bashin shekara uku. Na biyu, wai yanzu zamanin ajiya a intanet ne, Google ma tana ba da giga 15 kyauta. Madalla, a saka takardu mafi muhimmanci a can, ni ma ina yi. Amma wanda yake sayen data da ƙididdiga a Bangui ya san tura giga 15 sama ba ƙaramin kuɗi ba ne, duk da igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da aka ƙaddamar a 2023. Na uku, wai me zai hana a share Windows gaba ɗaya a huta? Ga ɗalibi ko mai lilo a intanet kawai, babu laifi. Amma je ka gaya wa mai gyaran waya, wanda yawancin manhajojin aikinsa na Windows ne, ko mai zana katin biki da CorelDraw, ko mai buga takardun ofis da za a buɗe a Word a ga layi ya goce. Waɗannan suna da dalilinsu. Akwai kuma masu tsallake shingen Windows 11 su cusa ta a tsohuwar na'ura. Tana shiga, amma Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta yi alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan na'ura sabuntawa ba.

Akwai wanda ma zan ce kada ya fara. Mai faifan giga 128, wanda zai nuna 119, in ya raba uku kowane ɗaki sai ya zama akurki. Ya zaɓi manhaja ɗaya da ɗakin takardu, ko ya tara kuɗi ya canja faifai tukuna. Haka wanda kwamfutarsa ba ta da batir mai riƙe wuta.

Maganar batir ɗin nan ita ce ta fi damuna, don ita ce ba a rubuta wa mutanen Turai a littattafansu. Lokacin da ake matse C don a samar wa sauran ɗakuna wuri, musamman in manhajar rabon tana kwashe bayanai daga wani gefen faifai zuwa wani, shi ne lokacin da kwamfuta ta fi rauni. In wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aiki, ana iya rasa komai, tsohon da sabon. Mu kuwa mun san wutarmu. Daga Boali take zuwa, an ƙara tashar hasken rana ta Danzi a 2023, amma har yanzu rabo ake yi unguwa-unguwa, kuma ba ta sallama in za ta tafi. Kwamfutar hannu na biyu da batirinta ke riƙe minti goma ba ta da bambanci da ta tebur a wannan wuri. Saboda haka kada a taɓa rabon faifai sai da cikakken batir mai lafiya, ko a kan sola mai batir, ko janareto da aka tabbatar da mansa. Kuma matse C ɗin a yi shi daga cikin Windows, ta Gestion des disques, don ita ta fi sanin inda ta ajiye kayanta. In ta ce iyakar abin da za ta iya saki ke nan, kada a yi mata dole da wata manhaja sai an kwafe komai waje.

Daga nan sai 'yan tarkuna da ya kamata mai kwamfuta ya san sunansu, ko da ba shi zai yi aikin ba. Na'urorin da suka fito daga kamfanonin Turai, da sababbi masu Windows 11, sau da yawa faifansu a kulle yake da BitLocker. In aka taɓa tsarin tashin kwamfutar, tana iya neman mabuɗi mai lamba 48, in babu shi kuwa ko Microsoft ba za ta buɗe maka ba. A duba tukuna, a rubuta lambar a takarda ko a cire kullen kafin a fara. Sannan akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai suna EFI, galibi mega 100 ne ko ɗari biyu da 'yan kai. Shi ne zauren gidan, ta nan manhajojin biyu suke shiga. Wanda bai sani ba zai gan shi ƙarami ya ce ba shi da amfani ya goge, kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ba a goge shi, ba a fomate shi. In kuma faifan tsohon tsari ne, MBR, manyan ɗakuna huɗu kawai yake ɗauka, kuma wasu kamfanoni sun riga sun cinye huɗun tun daga masana'anta. Sabon tsari, GPT, yana ɗaukar har 128. Tambaya ɗaya ce ga mai gyara: nawa MBR ne ko GPT? In ya tsaya yana kallon ka, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Windows ce ake fara sakawa, Linux ta biyo baya, don Linux ta iya zama da kishiya, tana kawo allon zaɓi mai suna GRUB da ke nuna su duka biyun. Windows ba ta da wannan haƙuri. A watan Agustan 2024 ma wata sabuntawa tata ta hana Linux tashi a kwamfutocin mutane da dama masu manhaja biyu, har sai da kamfanin ya fito da bayanin yadda za a warware. Don haka kilen da aka saka Linux da shi kada a goge shi a zuba waƙoƙi, a ajiye, da shi ake shiga a gyara in irin haka ta faru. Da shi kuma ake ceto takardu ranar da Windows ta ƙi tashi.

Sai Démarrage rapide, wanda ke zuwa a kunne. Da shi, in ka kashe Windows ba ta mutuwa duka, lumshe ido take yi tana riƙe da ɗakunanta. Ka shiga Linux ka tarar ɗakin takardunka yana buɗuwa amma ya ƙi karɓar rubutu, ka yi ta zargin Linux a banza. A kashe shi a Options d'alimentation. Wani abin kuma, wanda ya shafe mu kai tsaye, agogo ne. Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, Windows tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gari, Bangui kuwa tana gaban lokacin duniya da awa ɗaya. In ka fito daga Linux ka shiga Windows, sai ka ga agogo ya koma baya da awa guda cif. Ga mai dogaro da kwamfuta wajen kiran salla ko lokacin sahur, awa ɗaya ba wasa ba ce. Umarni ɗaya ne a Linux yake gyara shi, timedatectl set-local-rtc 1, mai gyara ya buga shi tun ranar farko.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, tunda na yi ɗakin D takarduna sun tsira. Ina! Ɗakunan nan uku duk a faifai ɗaya suke. In faifan ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke jakar, ko ruwan damina ya shiga, tare za su tafi. Ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ma ba ta tsayawa a C. Abin da ɗakin D yake kare ka daga gare shi shi ne fomate da lalacewar manhaja, waɗanda su ne suka fi yawa a wurinmu. Sauran sai kwafi na biyu a wani faifai na waje ko kile, a ajiye shi a wani gida dabam, wajen ɗan'uwa ko a shago. Amfanin ɗakin a nan shi ne ya sauƙaƙa kwafin: maimakon ka bi lungu-lungu kana neman fayiloli, wuri ɗaya za ka ɗauka. Kuma wannan kwafin a yi shi kafin a fara rabon, a buɗe shi a wata kwamfuta a tabbatar yana buɗuwa. Af, masu fama da ƙwayar nan da ke ɓoye fayilolin kile ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, ku soka kilen a Linux, za ku ga kayanku suna nan, ita kuma ba ta iya motsi a can.

Ga 'yan'uwana masu gyara a Kokoro da kewayen kasuwa, roƙona ɗaya ne. Aikin da na bayyana ya fi fomate na yau da kullum cin lokaci, wuni guda ne in za a yi shi da kyau, har da kwafi da jiran wuta. Ku faɗi kuɗinsa dabam, ku gaya wa mai kaya dalili, mu kuma masu kawo aiki mu daina tsayawa a kanku muna cewa yanzu-yanzu. In kun gama, ku rubuta rabon a 'yar takarda: C Windows giga kaza, D takardu giga kaza kada a taɓa, Linux giga kaza, ga ranar da aka yi. Ku manna ta a ƙasan kwamfutar da salatif. Bayan shekara biyu wataƙila ba hannunku za ta dawo ba, wani yaro ne a wani shago zai buɗe ta, ya ga ɗakin giga 45 da Windows ba ta san shi ba, ya ɗauka fanko ne.